Rediyon Cikin Kwano

Assalamu alaikum, malam mai gabatarwa. Ni ne Sale daga Tandabawi a Makka, kuma yau raina a ɓace yake.

Sana'ata tura tsofaffi a keke cikin Harami. Kwanan baya na tura wani dattijo ɗan ƙasar Poland mai jin Larabci. Da ya ga ƙaramar rediyona, sai ya ce a zamanin kakansa, bayan ƙasarsu ta fita daga mulkin baƙi, rediyo ɗaya ce a ƙauyensu, irin ta sawa a kunne. Sai su jefa abin kunnen cikin kwano don sauti ya ƙaru, kowa ya sunkuyo ya ji labarin ƙasarsa da harshensa. Ya ce ita ta haɗa kansu, shi ya sa da abokan gaba suka mamaye su, sai suka bi suna ƙwace rediyo.

Labarin ya shige ni. Ran Juma'a na tara 'ya'yana, waɗanda Larabci ya cinye Hausarsu, don su ji shirinku. Me kuka sa mana? Waƙar yabon ɗan siyasa, daga farko har ƙarshe! Babbar 'yata ta ce da Larabci, "Baba, halas," wato ya isa haka, ta tashi, ƙannenta suka bi ta.

Haba malam! Su sai da aka zo da bindiga aka raba su da rediyo. Mu kuwa ku da kanku kuka miƙa ta ga 'yan siyasa.

Ku ba ni shawara, me zan gaya wa yaran nan su sake zama? Ina gaida abokan aikina na unguwar Zahir. Taka gaisuwar na riƙe ta, sai kun gyara.