Motar da Gishiri Ya Cinye

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Ni ce Hadiza daga Gardolé.

Mahaifina ya tsufa, hawan babur zuwa asibiti yana wahalar da shi. Sai na tattara ɗan abin hannuna na sayi tsohuwar mota 'yar Turai wadda ta sha tafiya. Bakanike ya saurari inji ya ce lafiya lau. Babu wanda ya leƙa ƙarƙashinta, don mu nan ba mu saba ganin tsatsa ta ci mota ba.

Ranar da na fara ɗaukar Baba, muka faɗa wani rami a Paris-Congo. Sai na ji ya ce, "Hadiza, ina ganin titi tsakanin ƙafafuna." Ashe ƙasan motar ne ya burme, har takalminsa ɗaya ya faɗi.

Mai walda ya ce gishirin da Turawa ke zuba wa titi lokacin ƙanƙara ne ya cinye ta, aka shafe da baƙin fenti. Duk inda ya sa wuta, ƙarfen sai ya marmashe.

Jama'a, don Allah ya zan yi? Injin yana tashi lafiya lau, amma jiya da hannuna na ɗora Baba a bayan babur, yana rawar jiki.