Akuyar Idi da bakina

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Mushe Lawali ne daga Matamaye, tsohon tafinta (Mushe, wato Malam da Faransanci). Don Allah ka karanta wannan kowa ya ji.

A shekarar fari, zamanin soja, ni nake yi wa mahukunta tafinta. Wani manomi, Idi, ya kasa biyan haraji, aka je da bindiga aka kwance akuyarsa guda ɗaya. Da nononta ake raya 'yarsa, don uwar ta rasu. Kwana biyu yarinya na kuka, sai Idi ya je inda aka ɗaure akuyar, ya kwanto abarsa. Aka kama shi, aka yi masa dukan kawo wuƙa.

Babban mahukuntan ya yi hukunci da Faransanci, ni na juya da Hausa: wata uku, laifin sata. Idi ya dube ni ya ce, "Mushe, kai ka yi lakwal, ka san boko. Igiya ɗaya ce muka kwance, ni da su. Me ya sa tawa ce sata?"

Ban fassara wannan ba. Na ce yana neman afuwa.

Kafin ya fito daga kaso, 'yar ta rasu, an rufe ta.

Na yarda gwamnati ba ta tafiya sai da haraji. Amma malamai masu saurare, ku gaya mini: mai bindiga umarni ya bi, babban kuma doka ya bi, ni albashi na bi. Ranar hisabi, wa za a tambaya a kan yarinyar nan?