Kujerar Baffa a Ƙofar Sabon Shagon Nama

Shugaban taro, manyan baƙinmu, iyayenmu mata da kuka fi kowa sanin darajar wannan rana, 'yan'uwana mahauta, jama'a baki ɗaya: assalamu alaikum.

Godiya ta farko ga Allah, ta biyu gare ku da kuka bar ayyukanku kuka zo buɗe sabon shagon nama na ƙauyenmu. An ce in ba da tarihi. To, ni mahauci ne, wuƙa na sani, sai ku yi haƙuri da bakina.

Na ɗaya, shagonmu na fari ba shago ba ne. Kututture ne a gindin bishiya, kakana na tsaye, hannu ɗaya na yanka, ɗaya na korar ƙuda.

Na biyu, rumfar kwano da mahaifina ya kafa tare da ƙanensa, Baffa, wanda kuke kira Ba-Tambaya, domin bai taɓa tambayar mai saye abin da yake so ba. Yana hango mace zai ce, "Surukinki ba haƙora, ga tsoka mai laushi." Wata kuma, "Ƙanwarki ta haihu, karɓi hanta." Shekara arba'in ya san tukunyar kowane gida, wallahi har girman murfinta.

Na uku, wannan gini: ga firji, ga famfo, ga injin yanka ƙashi. Da muka gama, sai Baffa ya ce ba zai shigo ba. "Hannuna na rawa, ɗana. Mahaucin da ba ya riƙe wuƙa, me zai zo yi?" Muka buɗe na gwaji ba tare da shi ba. Jama'a, mako guda muka yi muna abin kunya! Tsohon malaminmu, ga shi can yana dariya, jijiya muka danƙara masa, ya wuni yana tauna. Iyayenmu mata suka ce in babu Baffa su ma babu su, suka fara hawa mota zuwa gari sayen nama. Ba zan ɓoye muku ba, hankalina ya tashi, domin na ga shago zai mutu tun ba a buɗe shi ba.

Na je na durƙusa. Na ce, "Baffa, hannuwa muna da su har goma sha biyu. Abin da ke kanka ne ba mu da shi." Sai ya ce, "Kujerar da za ku ba ni, tana da wurin jingina?"

Ku dube shi can a bakin ƙofa! Shi ke faɗa, mu ke yankawa. Jiya direban motar gari ya zo yana ta faɗa, wai mun kwashe masa fasinja. Baffa ya kalle shi ya ce, "A saro masa ƙashi mai ɓargo, yunwa ce ke damunsa."

Allah ya ja da ran Baffa, ya jiƙan magabatanmu, ya sa albarka a wannan shago, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.