Gyarar da Na Yi wa Mai Gari a Memori

Salamu alaikum Malama mai gabatarwa, barka da aiki. Habu ne mai cajin waya, daga Guci.

A kasuwarmu, in an kawo memori na waya a saka wa'azi, wurin da ya rage mukan cika shi da abin da ke tashe, gyara ce irin ta mai awo. Mai garinmu ya aiko da nasa. Na saka wa'azi, na yi masa gyara da waƙar da samarin Magarya suka haɗa a kwamfuta. Kiɗan kamar injin niƙa, suna ihu suna tambayar inda takin da gwamnati ke ba mu ya shiga.

Ranar da masu rabon taki suka zo, ya kunna musu wa'azi a ƙofar gida. Wa'azi na ƙarewa waƙa ta hau. Bai kashe ba, wai bai san madannin ba. Baƙin suka tashi ba su taɓa abinci ba.

Dattawa sun ce in ba shi haƙuri, ko a tashe ni daga rumfa. Jiya kuma ya dawo da memorin, wai in samarin sun yi sabuwa in ƙara masa. Masu sauraro, wanne zan fara kaiwa, haƙurin ko waƙar?