Tuwo Ya Ƙone, Ba Wanda Ya Dake Ni

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa da masu sauraro. Asabe ce daga Fadikpe.

Jiya tuwo ya ƙone mini, sai na kare kaina da hannu ina jiran duka. Yayata ta fashe da dariya ta ce, “Ke Asabe, ƙanzo ne fa! Jiƙa shi, gobe mu karya.” Nan na gane da gaske na rabu da mijin da yake dukana a Paiko. Wallahi har rawa na taka!

Yanzu ƙosai nake soyawa, kuma yana ƙarewa tas. Innata da ta ɗauko ni daga gidan mijin nan ta rasu, Allah ya jiƙanta.

Ku ba ni shawara. ’Yata Ladi tana wurinsa har yanzu, ban karɓo ta ba.