Sarkin da aka kashe a falon Mushe

Tunkiyar da innata ta ba ni muka sayar, ita ta fid da mu daga Kaoje. Muka bi ta Tsamiya muka ƙetara Dahome, mota har Paraku, jirgin ƙasa har Kwatano. Shekarar da Turawa ke naɗe kayansu ke nan, gari duk maganar mulkin kai, kowa na kallon kowa. Ni kuwa kun san ni, ko kaza ta makara shiga akurki sai hankalina ya tashi.

Babanku ya samu gadi gidan wani likita, baƙar fata amma karatun Faransa. Wai a ce mishi "Mushe". Na ce mutum da ransa da lafiyarsa? Aka ce girmamawa ce. To, Allah shi kyauta.

Mushen nan yana da wata dara tasu, 'yan itace farare da baƙaƙe. Ni ban taɓa ganinta ba, ɗakinmu na can baya wajen rijiya. Ashe jarida ke zo mishi da wasan ƙarshe na wata babbar gasa, shi kuma sai ya jera itacen yana bin wasan taki-taki, yana neman inda wanda aka ci ya yi kuskure. Bai da abokin zama, sai ya koya wa babanku. Duk wannan daga baya na sani.

Abin da na sani, ran nan mutum ya shigo ya ture tuwo.

"Malam, lafiya?"

"Ina fa lafiya! Farare sun kashe sarkin baƙaƙe."

"Innalillahi! Wane sarki?"

"Ganganci ne. An ba da sarauniya a banza, doki na tsaye bai motsa ba. Ke dai ba ki ganewa."

"A ina?"

"Can Turai. Amma gobe ni da Mushe za mu rama. Na ga hanyar da za a ritsa sarkin fararen."

Ɗiyana, ku gaya mini, mi za ku yi? Ina da goyo, ƙasa ba tamu ba, miji na shirin kisan sarki. Gari na wayewa na yafa zane sai gidan Sarkin Zango, ina kuka, na ce a ceci babanku tun bai ja mana igiya ba. Shi kuma, maimakon ya kira shi ya yi mishi faɗa, sai ya kwaso jandarma.

Suka banka falo. Ga Mushe da singileti, ga babanku tsugune, riƙe da ɗan dokin itace.

"Ina sarkin?" in ji babban jandarma.

Babanku ya ɗauko ɗan sarkin itace ya miƙa mishi. Bai kai tsawon yatsa ba.

Jandarma suka yi dariya har da riƙe ciki. Mushe bai yi ba. Ya yi ta zuba Faransanci, "ale, ale" kawai na tsinta, na zaci lale yake mana. Kafin azahar tabarmarmu na bakin titi.

Muka kamo hanyar dawowa har muka ƙetara iyaka. Na ce to, yanzu za a sauke mini kwandon faɗa, aiki ya tafi, tunkiya ta tafi. Ya daɗe yana kallon shinkafar fadama, sannan ya juyo.

"Da kin bari har la'asar," ya ce, "wallahi da baƙaƙe sun ci."