Jan Zoɓo na Bikin Maƙwabta

A tashar tram, jirgin ƙasan cikin gari, ta unguwar Guillotière, wata dattijuwa ta leƙa ledar 'ya'yan itacen mutumin da ke kusa da ni.

"Ɗana, wannan pêche ai ya lalace."

"Nuna ya yi, Hajiya, shi ya sa araha. Cikin zoɓo zan yanka shi, da citta da ƙanƙara. Gobe bikin maƙwabta, hannuna za su gani."

"Ka kai jus na kanti mana."

"A'a, sai ja wur kamar giyarsu. Bara ruwa muka riƙe, ni da ɗiyata. Wajen gwara kofuna kafin a sha, Faransawa ba sa haɗa kofi da mai ruwa. Ta ɗaga nata, aka tsallake ta."

Hajiya ta buɗe jaka.

"Ungo wannan zoɓon, na Damagaram ne. Ya fi ja."